Wa Ya Ce Sai An Hau Dutse Hajji Ke Cika?

Duk shekara, da jiragen alhazai sun fara sauka a filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, gidaje a Dutsin-Ma da Kurfi kan cika da masu zuwa barka da sauka. A baza tabarmi, a zaga da dabino da ɗan kofin Zamzam, yara na ta leƙen jakar tsaraba. Ba a daɗewa wani zai jefo tambayar da ta zama kamar dole: "Baba Alhaji, an dai hau Jabalun Nur ko?" In ya ce ya hau har ya shiga kogon Hira, sai wuri ya ɗauki kabbara. In ya ce bai hau ba, sai a yi jim, can wani ya ce, "To, Allah ya sa a koma a cika."

A cika me? Wannan magana ta yaɗu har ta zauna a zukatan maniyyata, musamman tsofaffi mata, cewa wanda bai hau wancan dutse ba, ko bai dafa ginshiƙin da ke kan Jabalur Rahma ba, Hajjinsa da saura. Maganar ba ta da tushe, kuma tana jefa rayuka cikin haɗari.

Ziyara, kowa ya sani, ita ce ranar da ake ɗibar alhazai a mota a zaga da su wuraren tarihi. A Madina akan je masallacin Ƙuba, da Uhudu, da Ƙiblataini, da wurin yaƙin Handaƙ, a ɓulle ta gonar dabino. A Makka akan nuna Jabalus Saur da Jabalun Nur, a ratsa Arfa da Muzdalifa da Minna tun ba su cika ba. Yawon buɗe ido ne na baƙo a garin da ba nasa ba, mai ɗauke da ilimi, wani ɓangarensa kuma da lada. Ba baƙon abu ba ne ga Katsinawa. A 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya tafi aikin Hajji ta hanyar Ingila, ya ga birnin Landan, ya gana da Sarki George na Biyar, sannan ya zarce Makka. Babu mai laifin ganin gari. Laifin yana wajen wanda ya ɗauki ganin gari ya cusa shi cikin farillai.

A buɗe littattafan da ake karantawa a zaurukan malamai, daga Risala zuwa Askari har Muhtasar. Rukunan Hajji a mazhabar Malikiyya huɗu ne: harama, tsayuwar Arfa, ɗawafin Ifada, da sa'ayi tsakanin Safa da Marwa. Bayansu akwai wajibai irin su jifa da sauka a Muzdalifa da kwanan Minna, waɗanda in an bari ake gyarawa da yanka. A bi jerin daga sama har ƙasa, babu hawan dutse a ciki, ko a rukuni, ko a wajibi, ko a sunna. Ziyarar Madina ma, da duk girman falalarta, malamai sun ajiye ta a matsayin abin so mai zaman kansa. Wanda bai samu zuwa ba, Hajjinsa ya inganta.

Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Hajji ɗaya ya yi bayan Hijira, a shekara ta 10. Sahabi Jabir ɗan Abdullahi ya ba da labarin wannan tafiya daki-daki, kuma tana nan cikin Sahihu Muslim: inda aka yi harama, inda aka sauka, inda aka yi salla, inda aka kwana. Ba a ambaci zuwa kogon Hira ba, ba a ambaci kogon Saur ba, alhali duwatsun suna nan a gaban idon dubban sahabban da suka raka shi. A Arfa ma a gindin Jabalur Rahma ya tsaya bisa taguwarsa, ya kuma sanar da jama'a cewa filin gaba ɗaya wurin tsayuwa ne. Ke nan hajiyar da ta wuni cikin tantinta tana addu'a ta tsaya Arfa daidai da saurayin da ya kutsa ta cikin turmutsitsi ya dafa farin ginshiƙi. Malaman tarihi sun kuma ruwaito cewa da Sayyidina Umar ya ji mutane sun mai da bishiyar da aka yi mubaya'ar Ridwan ƙarƙashinta wurin zuwa salla, sai ya sa aka sare ta. Hukumomin Saudiyya su ma sun kakkafa alluna a gindin duwatsun nan, cikin harsuna da dama, suna faɗin cewa hawan ba ibada ba ce. Ana wuce allunan ana ɗaukar hoto a jikinsu.

Sai kuma kirarin da aka fi ji a bakin mutanen wannan yanki: "Mu fa 'ya'yan dutse ne." Gaskiya ne, wanda ya tashi a Dutsin-Ma ko Kurfi da wuya a ce bai yi wasan hawan dutse ba yana yaro. Amma yana da shekara goma sha biyu a lokacin, yanzu kuwa yana da sittin da biyar, ga hawan jini, ga ciwon suga, ga gwiwa. Jabalun Nur ya haura mita 600. Matakalarsa a tsaye take, mai ƙarfi kan ci sa'a guda ko fiye kafin ya kai ƙololuwa, saukowa kuma ta fi cin gwiwa. A can sama kogon ɗan mitsitsi ne, tsawonsa bai kai mita huɗu ba, hanyar shigarsa matsattsiya tsakanin duwatsu, mutane suna ture juna don samun raka'a biyu da ba wanda ya ɗora musu. Ga birai a hanya suna fizge leda da gorar ruwa. In mutum ya faɗi a can, motar asibiti ba ta hawa, sai dai a sauko da shi a kafaɗa.

Zafin kuwa ba irin wanda aka saba da shi ba ne ko a watan Afrilu. A Hajjin 2024 ma'aunin zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, kuma hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar mutum 1,301, mafi yawansu waɗanda ba su da izinin Hajji, suka yi doguwar tafiya a ƙafa cikin rana ba mafaka. A 2025 sai da aka roƙi alhazai su zauna cikin tantuna ranar Arfa daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. Ranar rukuni ke nan ake cewa a guji rana. To ina dalilin kai kai gare ta a ranar da ba komai a kan mutum?

Abin takaicin shi ne lokacin da ake wannan ganganci. Yawancin alhazanmu sukan fara sauka Madina, su wuce Makka, su yi kwanaki suna jiran ranar 8 ga Zulhajji. A cikin kwanakin jiran nan ne ake hawan dutsen. Aikin da ke gaba kuwa na ƙafa ne: sa'ayi kaɗai ya kai kilomita uku, ga ɗawafi, ga zuwa jifa da dawowa kwana uku ko huɗu a jere, daga tantunan da ke da nisa da wurin jifan. Wanda ya ƙarar da ƙafarsa a dutse ya yi abin da manomi ba ya yi, wato gajiyar da shanun huɗa ana gobe za a shiga gona. Sai ka ga mutum ya sayar da shanu, ko ya tara kuɗin tumatirin noman rani na bakin dam ɗin Zobe shekara da shekaru, ya biya kujerar da ta haura naira miliyan takwas a 2025, ranar Arfa kuma yana kwance ana ƙara masa ruwa. Wannan wace irin riba ce?

Tare da hawan akwai wasu ɗabi'u da ke zubar da mutuncin ƙasa baki ɗaya. Wani ya zaro alƙalami ya rubuta sunansa da na matansa da na 'ya'yansa a jikin dutse, wai don Allah ya kira su. Wata ta ƙulla ƙyalle a jikin shinge. Wani ya ɗebi ƙasar Uhudu a leda zai kawo gida a jiƙa wa mara lafiya. Shahidan Uhudu addu'a da sallama ake yi musu, ba a aiko kowa ya kwashe musu ƙasa ba.

Me ke rura wutar? Akwai direbobin da ke tsayawa ƙofar masauki suna kiran "Ziyara! Ziyara!", waɗanda cinikinsu ke ƙaruwa in an yarda tafiyar dole ce, akwai kuma gasar hotuna a WhatsApp da Facebook, da ƙarancin karatu kafin tafiya.

Ga mai son ranar ziyararsa ta yi amfani, shirin daga gida yake farawa. Ya nemi malami ya ba shi tarihin wuraren tun kafin ya hau jirgi. Wanda ya san cewa a Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, maharba hamsin aka ajiye kan wani ɗan tudu aka ce kada su sauka, mafi yawansu suka sauka, yaƙi ya juya, aka rasa sahabbai saba'in ciki har da Sayyidina Hamza, in ya tsaya a filin zai ga darasi da idonsa. Wanda bai sani ba, dutse da masu tallar carbi kawai zai gani. Haka Ƙiblataini, inda ake tuna juya alƙibla daga Ƙudus zuwa Ka'aba a shekara ta 2. Haka Handaƙ, inda aka haƙa gwalalo bisa shawarar Salmanul Farisi a shekara ta 5. A Baƙi'a, maƙabartar da ke jikin masallacin Annabi, akwai Sayyidina Usman da Imamu Malik, wanda mazhabarsa mutanen ƙasar nan ke bi. Mazan da suka sami dama su leƙa maɗaba'ar Alƙur'ani ta Sarki Fahad, wadda aka buɗe a 1984, ita ce ta buga fassarar Hausa ta Sheikh Abubakar Mahmud Gumi. Mai neman lada tabbatacciya kuwa ga Ƙuba: ya yi alwala a masauki ya je ya yi salla, an ruwaito cewa ladarsa kamar ta Umara ce, kuma mota ke kai shi har ƙofa.

A fita da sassafe, bayan Asuba, a dawo kafin rana ta take. A bi motar da jami'an alhazai na jiha suka tanada. In ta haya za a shiga, a yanke kuɗi kafin a zauna, a tabbatar ko kai da komowa ne, ko kuɗin na mutum ɗaya ne ko na mota, a ɗauki hoton lambarta. Jin Hausa a bakin direba ba shaidar amana ba ce, Hausawa mazauna Makka da Madina suna da yawa, cikinsu akwai na kirki akwai wanda ba haka ba. Kada mace ta shiga mota ita kaɗai, kada a bar tsoho ya sauka shi kaɗai. Kowa ya rataya katin shaidarsa, ya sa katin masauki mai ɗauke da adireshi da Larabci a aljihu, domin otal-otal ɗin kama suke da juna, kuma "kusa da Harami" ba kwatance ba ne.

A riƙe lema mai haske da gorar ruwa, a riƙa kurɓa ko ba a jin ƙishi. Wasu tsofaffi kan ƙi shan ruwa don gudun neman banɗaki, wannan kuwa shi ne hanyar asibiti mafi kusa. A sa takalmin da ƙafa ta saba da shi, kada a taka kwalta ko dutse da tsakar rana ba takalmi, musamman mai ciwon suga da ba ya jin ƙuna sai fata ta saluɓe. Mai shan magani ya sha kafin fita, ya karya kumallo, ya sa 'yan dabino a jaka. In aka ga abokin tafiya na jiri, ko ciwon kai, ko ya daina gumi, ko ya fara magana ba kan gado, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a kira 997, lambar motar ɗaukar marasa lafiya. Ba lokacin tofi da jiran ya warware ba ne.

Waya ma a yi hankali da ita. Tun 2019 Saudiyya ta fitar da dokokin ladabin zama cikin jama'a, kuma akwai tara kan ɗaukar hoton mutane ba da izininsu ba, da zubar da shara, da tofar da yawu a hanya. Kada a saita kyamara kan matan mutane ko jami'an tsaro. Shiga Rauda a masallacin Annabi yanzu da izini ne ta manhajar Nusuk, a nemi jami'ai ko ɗan da ya iya waya ya taimaka, kada a biya wani a bakin ƙofa wai zai shigar da mutum. Mai sha'awar zuwa Ɗa'ifa ko tsohon garin Jidda ya fara tambayar jami'an jiha ko bizarsa ta ba shi dama. A gonar dabino kuma a taya, a ɗanɗana, a kwatanta da farashin kasuwar cikin gari kafin a ɗaure kwali. Matashin da ke da lafiya yake son ganin Hira don tarihi, ya bari sai an gama aikin Hajji, ya hau da dare ko da asuba tare da abokai. Sauran jama'a kuwa an gina wurin baje kolin tarihi a gindin dutsen, mai sanyi, inda ake bayanin saukar wahayi ba tare da an taka matakala ba.

Nauyin gyaran yana kan malaman bita a cibiyoyin Dutsin-Ma da Kurfi, su ware zama guda kan ziyara kaɗai, su faɗa da Hausa ƙarara abin da ke rukuni da abin da ke kallo, su nuna hoton matakalar Jabalun Nur kowa ya gani. Yana kuma kan 'ya'yan da ke biya wa iyaye kujera. Maimakon bugo waya ana cewa "Inna, a turo mana hoton kan dutse," a tambaye ta ko ta sha ruwa, ko ta sha maganinta, da wa za ta fita gobe, kuma ƙarfe nawa motar za ta dawo da su masauki.