Ƙungiyar Masu Barin Giya: Wa Zai Buɗe Ɗaki, Wa Zai Riƙe Kuɗi?

'Yan'uwa manoma, kowannenmu ya san gidan da rumbunsa ke cika a watan Disamba, amma kafin Afrilu uwargida ta fara awo a kasuwa. Ba gara ce ta ci dawar ba, maigida ne ya kwashe ta mudu mudu zuwa gidan burkutu. A taron ƙungiyar gama kai mukan ji sunansa cikin waɗanda suka kasa biyan bashin taki. An yi masa faɗa, an yi masa addu'a, wataƙila ma dattawa sun sa shi a horo. Ya ɗauki alkawari, ya yi wata guda, ya koma.

Akwai wata hanya da aka daɗe ana gwadawa, watau mashayan da kansu su riƙa haɗuwa kowane mako suna taimakon juna. Wadda aka fi sani ita ce Alcoholics Anonymous, a taƙaice A.A., ma'anar sunan kuwa mashaya waɗanda ba su bayyana sunayensu. Yau tana cikin ƙasashe wajen 180. Abin da nake so in bayyana a nan shi ne yadda ƙaramar ƙungiyarsu ta unguwa ke raba aiki da shirya taro, gama a wurin nan ne irin waɗannan ƙungiyoyi sukan tsaya ko su faɗi.

Asalin abin

A watan Mayu na shekara ta 1935 wani ɗan kasuwa mai suna Bill Wilson ya tafi garin Akron, a jihar Ohayo ta Amurka, kan wata harka. Harkar ta lalace. Wata biyar ke nan rabonsa da giya, ga shi baƙo shi kaɗai, ga kuma wurin shan giya a cikin masaukin da ya sauka. Ya gane cewa in bai sami wani mashayi da zai yi magana da shi ba, lalle zai koma sha. Ya buga wa wani fasto waya, daga nan aka yi ta miƙa shi har aka haɗa shi da Likita Bob Smith, likitan fiɗa wanda giya ta kusa kashe masa aiki. Ran 10 ga Yuni 1935 ne suke lasaftawa ranar da likitan ya yi shansa na ƙarshe, ita ce kuma ranar haihuwar ƙungiyar.

Ku lura, Bill ya nemi ya taimaki wani ne domin shi kansa kada ya faɗi. Dukan ayyukan ƙungiyar a kan wannan suke tsaye. Wanda ya yi wa ƙungiya aiki, maganin kansa yake sha.

Ƙananan ayyuka tukuna

In mu za mu kafa ƙungiya, da shugaba mukan fara. Su kuwa aikin da suka fi ba sabon shiga shi ne jera kujeru, da share ɗaki, da dafa kofi, da wanke kofuna bayan taro. A wurinmu shayi ko kunu zai yi. Akwai kuma mai tsayawa a bakin ƙofa yana tarbar mutane, musamman wanda ya zo ran farko yana jin kunya, yana neman dalilin juyawa.

Kada a rena waɗannan ayyuka. Ku tuna wane irin mutum ne ake ba su. Shekara da shekaru ba wanda ya amince masa da kome, matarsa tana ɓoye kuɗin cefane, 'yan'uwansa sun daina aikensa. Sai ga shi an danƙa masa mabuɗin ɗaki, an ce ran Alhamis ƙarfe biyar shi zai buɗe. Ranar da sha'awar giya ta taso masa, zai tuna in bai je ba mutum goma za su tsaya a waje. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa ya kai shi taron. Saboda haka ƙungiya mai hankali takan rarraba aikin ƙanana ƙanana, har kusan kowa ya sami nasa. In mutum ɗaya ya buɗe, ya share, ya dafa, ya wanke, to, ya hana mutum uku maganinsu, ko da yake da kyakkyawar niyya ya yi.

Bayan waɗannan akwai ayyukan da muka saba da sunayensu. Mai jan taro shi ke buɗewa da rufewa a kan lokaci, ya ba kowa dama. Magatakarda shi ke yin sanarwa, ya rubuta abin da aka shirya a taron shawara, a wurare da yawa kuma shi ke neman wanda zai ba da labarinsa mako mai zuwa. Amma ba shi da rajista irin tamu ta ƙungiyar gama kai. Ba a kiran suna, ba a rubuta wanda ya zo da wanda bai zo ba, sunan fari kaɗai ake amfani da shi. Akwai ma'aji, akwai mai kula da littattafai. Inda ƙungiyoyi suke da yawa, kowacce takan zaɓi wakili wanda zai kai muryarta taron yanki, shi kuwa yakan yi shekara biyu.

Akwai wani aiki da ba a zaɓe a kansa. Sabon shiga yakan nemi wani wanda ya daɗe da bari ya zama jagoransa, wanda zai iya ƙwanƙwasa wa ƙofa ko da tsakar dare. Al'adarsu namiji ya riƙe namiji, mace ta riƙe mace. Dalilin ba ya bukatar bayani.

Kowane aiki da wa'adinsa

Ga abin da ya fi wuya a gare mu. Yawancin ayyukan nan wata shida ne ko shekara guda, sa'an nan mutum ya sauka wani ya hau, ko da ya iya aikin ƙwarai. Mu kuwa mun san ƙungiyoyin da shugabansu ya shekara goma sha biyar a kujera, har mutane suna kiran ƙungiyar da sunansa. A ƙungiyar manoma wannan yakan jawo gunaguni. A ƙungiyar masu barin giya hatsarinsa ya fi haka, gama shugaban nan shi ma mashayi ne da ya bari, yana kuwa iya komawa. In shi ne ginshiƙi, ran da ya faɗi ɗakin duka ya rushe. Girma kuma shi kansa jaraba ne ga mutumin da ya daɗe ana rena shi.

Ba su san wannan tun farko ba, da wahala suka koya. A farkon shekarun, sa'ad da Bill ba shi da ko sisi, matarsa Lois ce ke aiki a kanti tana ciyar da gida, mai wani asibiti a Niyu Yok, Charles Towns, ya yi masa tayin aiki da albashi, ya riƙa kula da mashaya a asibitinsa. Bill ya yi murna, ya kawo maganar gaban 'yan ƙungiya da ke taruwa a gidansa. Suka ƙi. Suka nuna masa in ya fara karɓar kuɗi kan abin da su suke yi kyauta, zumuncin ya lalace ke nan. Wanda ya kafa ƙungiyar ya bi maganar ƙungiya, ya bar aikin.

A shekara ta 1941 wata babbar mujalla ta buga labarinsu, cikin shekarar nan suka tashi daga mutum wajen 2,000 zuwa 8,000. Sai rigingimu suka taso kan kuɗi da shugabanci da wa ya cancanci shiga. Kowace ƙungiya ta yi ta kafa dokoki. Da ofishinsu ya tattara dokokin duka, sai aka ga in za a bi su gaba ɗaya, kusan ba mai iya shiga. Daga wannan wahala ne suka fito da al'adu goma sha biyu, waɗanda aka buga a 1946, babban taronsu ya amince da su a 1950. Sharaɗin shiga ya koma ɗaya tak, watau mutum ya so barin sha.

Sun kuma duba abin da ya sami waɗanda suka riga su. A 1840 mashaya shida a garin Baltimo sun kafa ƙungiya da sunan Washinton. Dubban mutane suka shiga. Amma shahararrun masu jawabi suka mamaye ta, ta shiga gardamar siyasa da ta addini, kafin shekara goma ta watse. Shi ya sa A.A. ba ta sa baki a siyasa, ba ta goyon bayan wata jam'iyya ko ɗarika.

Zancen kuɗi

Ba kuɗin shiga, ba kuɗin wata. Ana zagaya da kwano a taro, kowa ya sa abin da ya iya, wanda ba shi da shi ya miƙa gaba. Ba sa karɓar gudummawa daga wanda ba ɗan ƙungiya ba. Wannan ma da tarihinsa. A 1938 an roƙa musu dala 50,000 wurin attajirin nan John D. Rockefeller ƙarami. Ya ba da 5,000 kawai, domin yana tsoron kuɗi zai ɓata abin. A lokacin ba su ji daɗi ba, daga baya suka gode masa.

Ba a ba sabon shiga aikin ma'aji. Akan nemi wanda ya yi aƙalla wata shida ko shekara bai sha ba. Ba zargi ba ne, tausayi ne, don kada a sa wa mutum kuɗi a aljihu ran kasuwa alhali ƙafarsa ba ta yi ƙarfi ba tukuna. Yana da kyau mutum biyu su ƙirga abin da aka tara nan take, ma'aji kuma ya ba da lissafi kowane wata. Daga ciki ake biyan hayar ɗaki da shayi da littattafai. Ajiyarsu ba ta wuce abin da zai riƙe ƙungiya wata ɗaya zuwa uku, sauran sukan aika wa ofisoshin da ke yi wa ƙungiyoyin hidima. Ku da kuka saba da asusu mai girma da ba da rance, ku kiyaye a nan. Ran da aka fara ba da bashi daga kwanon nan, wanda ya kasa biya ba zai ƙara zuwa taro ba, kun kuwa san inda zai tafi.

Yadda taro ke tafiya

Taro iri biyu ne. Akwai na buɗe, wanda iyali da fasto da ma'aikacin asibiti za su iya zuwa su saurara. Akwai na rufe, na masu fama da sha kaɗai. Yawanci sa'a guda ne, rana ɗaya, wuri ɗaya, ba a canjawa, domin wanda ya ɓace wata uku ya san inda zai same su. Akan buɗe da ɗan shiru ko addu'a da gajeren karatu, sa'an nan mutane su yi magana ɗaya bayan ɗaya. Kowa labarin kansa yake faɗa. Ba a katse mutum, ba a yi masa wa'azi, ba a gyara masa zance. Abin da aka ji a ɗakin kuma a ɗakin yake kwana. A ƙauye, inda kowa ya san kowa, wannan ita ce doka mafi nauyi, gama magana ɗaya in ta kai bakin rijiya, mako mai zuwa ɗakin zai zama wayam.

Zancen haya da zaɓe da wanda bai wanke kofuna ba, ba a kawo shi cikin wannan taro. Yana da nasa zama dabam, yawanci sau ɗaya a wata. A nan ba sa hanzarin ƙirga hannu. In magana ta raba mutane kusan biyu, sukan ɗaga ta zuwa wani wata. Bayan an yi ƙuri'a ma akan ba waɗanda aka rinjaya dama su sake faɗin dalilinsu, wani lokaci har shawarar ta juya.

A ganina, a ƙauyukanmu ranar kasuwa da yamma ta fi dacewa da taro, gama lokacin ne ƙafa ke jan mutum. Ku kuma 'yan ƙungiyar gama kai kuna da abin yi. In za ku kira gayya, ku yi ta da kunu da tuwo, don kada ɗan'uwan da ke ƙoƙarin bari ya zaɓa tsakanin taimakonku da lafiyarsa.

A Amurka majami'u da yawa ne ke ba waɗannan ƙungiyoyi ɗaki, amma ƙungiyar takan biya haya ko kaɗan ce, ekklesiya kuwa ba ta mulkinta. Na san wannan zai yi wa waɗansu dattawa nauyi. Amma in dattijon da ke zama a kan maganar horo shi ne a kujerar gaba, wa zai buɗe baki ya ce jiya ya sha? A ba su ɗaki da mabuɗi, a yi musu addu'a, a bar tambayar su wa suka zo. Maƙwabcin da ba na ekklesiyarmu ba, shi ma ƙofa a buɗe take gare shi. Matan mashaya da 'ya'yansu suna da tasu ƙungiya dabam mai suna Al-Anon, wadda Lois Wilson da wata abokiyarta suka kafa a 1951.

Abu ɗaya ya rage wanda mai tarbar baƙi da kowane jagora dole su sani. 'Yan ƙungiya ba likitoci ba ne. Mutumin da ya daɗe yana sha da yawa kullum, in ya tsaya farat ɗaya, jikinsa na iya yin rawa, ya yi zufa, ya kasa barci. Waɗansu sukan yi farfaɗiya, ko kuwa bayan kwana biyu zuwa uku su ruɗe suna ganin abin da babu. Wannan yana iya kisa. Irin wannan mutum a raka shi asibiti ya ga ma'aikacin lafiya kafin ya tsaya, in kuwa alamun sun riga sun fara, a kai shi nan da nan ko da dare ne. Saboda haka tun a zaman farko ƙungiya ta san wane ne cikinta yake da babur, wane asibiti ne kuma ya fi kusa.