An doke su sau 12 a jere, amma yaran ba su ƙare ba

Uwargida, idan ɗanki ya taɓa shigowa gida da takardar sakamako jikinsa a sanyaye, kin san irin shirun da kan biyo baya. To, ki ƙaddara hakan ta faru sau 12 a jere, a gaban dubban 'yan kallo da kyamarorin talabijin. Abin da ya sami 'yan wasan jami'ar UCF da ke birnin Orlando a jihar Fulorida ke nan a shekarar 2015.

Wasan da suke yi shi ne ƙwallon Amurka, mai kama da zari-ruga, wanda ake sa hular kwano ana karo da juna. 'Yan wasan ɗalibai ne, akasari masu shekara 18 zuwa 23, kuma da yawansu wasan ne ya samo musu tallafin karatu. Ana yin wasa 12 a kaka, don haka kowane rashin nasara yana da nauyi.

UCF ba ragwaye ba ne. A kakar 2013 sun ci wasa 12, sun rasa ɗaya tak. Amma a 2015 suka buɗe kaka da shan kashi a hannun jami'ar FIU da tazarar maki ɗaya, 15 da 14. Sai jagoransu mai jefa ƙwallo ya ji rauni a hannu. Ƙaramar jami'ar Furman ma ta zo har gida ta doke su 16 da 15. Bayan rashin nasara na takwas, inda Houston ta lallasa su 59 da 10, kocinsu George O'Leary ya ajiye aiki. Haka kakar ta ƙare ba nasara ko ɗaya.

A cikin yaran akwai Shaquem Griffin, wanda ba shi da tafin hannun hagu. Tun yana ciki wani zare na mahaifa ya naɗe masa hannun, yatsun suka kasa girma. Yana ɗan shekara huɗu mahaifiyarsa ta same shi a kicin da wuƙa, yana neman yanke yatsun saboda azabar ciwo. Washegari ta kai shi asibiti aka cire hannun. Ya shiga UCF tare da tagwayensa Shaquill, amma shekara uku yana yawan zaman benci, har a kakar da ake ta doke su.

Da sabon koci Scott Frost ya zo, sai aka sauya wa Shaquem gurbi. An ɗauko shi daga can bayan masu tsaron gida, aka matso da shi kusa da layin karo, inda gudunsa zai yi amfani wajen farautar mai jefa ƙwallo. A 2016 aka zaɓe shi gwarzon mai tsaron baya na rukunin gasarsu, ƙungiyar kuma ta ci wasa shida. A kakar 2017 ta ci wasa 13 ba tare da an doke ta ba, har da jami'ar Auburn da ci 34 da 27. A 2018 ƙungiyar ƙwararru ta Seattle Seahawks ta ɗauki Shaquem, inda ya tarar da ɗan uwansa.

Kada ki ɗauka kocin ne mai siddabaru. Frost ya koma jami'ar Nebraska, bai taɓa kammala kaka da rinjayen nasara ba, har aka sallame shi a 2022. Abin da ya yi aiki a Orlando shi ne dacewa: yaro ya sami gurbin da ya yi daidai da baiwarsa, da wanda ya yarda ya gwada shi.

Nan ne labarin ya shafe ki. Sakamako mara kyau yana nuna akwai matsala, amma ba ya faɗin inda take. Kafin ki kira ɗanki daƙiƙi, ki bincika. Yana hango allo daga inda yake zama? Yana samun barci da karin kumallo? Shi ya zaɓi ajin kimiyya, ko mu muka tura shi saboda muna son likita a gida? Ki je makarantar ki zauna da malaminsa, ki tambayi darasin da yake ƙoƙari a kai, ba wanda ya faɗi kaɗai ba.

Faɗa yana da ranarsa, amma kalmar da uwa ta furta a ranar faɗuwa takan daɗe a zuciyar yaro fiye da makin kansa. Ke me kika fara ce wa naki ranar da ya kawo sakamakon da bai yi miki daɗi ba?