Kaset Ma Yana Da Isnadi

  

A ƙasar Zuru ta Jihar Kebbi, tun daga Rikoto har Dabai, akwai zaurukan malamai da shagunan 'yan kasuwa inda tsofaffin kaset ke jibge cikin adaka, ƙura ta rufe su. Fatake ne suka riƙa kawo su daga Kaduna da Kano da Sakkwato. A ciki akwai tafsirin Shehu Abubakar Gumi, wanda ya rasu a 1992, da na Shehu Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996, da karatun Shehu Husari na Masar. Akwai kuma wa'azin malaman gari, waɗanda muryarsu ba ta saura ko'ina ba sai a nan. Wasu na cewa kaset ba shi da murya mai kyau, a zubar. Wannan magana tana bukatar gyara.

Asalin kaset, kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da shi a 1963. Zarensa roba ce siririya, an shafe ta da garin tsatsar ƙarfe, maganaɗisu ke rubuta murya a kai. Yana tafiya kimanin santimita 4.76 a daƙiƙa, kuma saboda wannan jinkiri ne ake jin shuu a bayan magana. A 1968 kamfanin Dolby ya kawo dabarar rage wannan shuu, Japanawa kuma suka ƙera rikodoji na ƙwarai irin su Nakamichi. Masu kunnen sauti a Turai da Amurka hal yau suna neman irinsu, gama kaset na asali a cikin rikoda mai lafiya muryarsa garau take.

To, ina aibin yake? Malamai sun san hukuncin littafin da aka kwafa daga kwafi: kowane marubuci yakan bar ɗigo ko ya ƙara wasali, har ma'ana ta karkace. Haka kaset yake. Duk sa'ad da aka juye wani daga wani, shuu yakan ƙaru, siraran sautuka su ragu. Su kuwa siraran nan su ne ke rarrabe sinun da sadi da shinun. Kadan an kai juyi na huɗu ko na biyar, sai almajiri ya kasa kunne ya rasa wane harafi malam ya furta. Watau kaset ma yana da isnadi, wanda ya fi kusa da uwa shi ya fi inganci.

Sa'an nan akwai laifin rikoda. In robar da ke juya ta ta saki, ko batir ya yi sanyi, murya takan yi nauyi, maddi ya wuce ƙa'idarsa, gunna ta yi rawa. In kan da zare ke gogawa ya yi dauɗa ko ya karkace, sai magana ta dushe kamar mai mura. Mai karatu bai yi lahani ba, ƙarfe ne ya yi masa ƙage.

Na uku shi ne ajiya. Zafin bazara yana lanƙwasa zare, ƙurar hunturu tana kankare shi, damshin damina kuwa, wanda ya fi yawa a Zuru bisa ga Sakkwato, yana sa masa funfuna. Zaren da ya daɗe a naɗe yakan shafa wa na kusa da shi murya, har a ji kalma can ƙasa-ƙasa tun ba a faɗe ta ba. Mai minti 120 ya fi saurin lalacewa, don zarensa ya fi na mai 60 da mai 90 siranta.

Saboda haka wanda ke da su ya tsai da su a tsaye cikin gidajensu, a inuwa, nesa da lasifika, gama akwai maganaɗisu a cikinta. Ya ɓalle 'yan haƙoran da ke saman kaset don kada a ɗauki wani abu a kai bisa kuskure. Ya goge kan rikoda da auduga da sifirit, ya gwada ta da kaset marar amfani tukuna. Kana ya nemi mai kwamfuta ya juye daga uwa, ta waya, ba ta kara salula a bakin lasifika ba. Ya rubuta sunan malami da shekara da wurin karatu, ya kuma riƙe uwar ko bayan an juye.

Ɗan kasuwa kuma ya ji tsoron Allah, kada ya sayar da juyi na biyar da sunan na fari. Muryar malamin da ya riga mu gidan gaskiya amana ce, in zaren ya tsinke ba mai sake karanta ta. Allah Ya jiƙan malamanmu, Ya ba mu ikon riƙon amana, amin.