Fatar akuya: daga kasuwar ƙauye zuwa masana'antun Kano

A yawancin gidajenmu na ƙauye akwai akuya ko tunkiya, kuma sau da yawa ta uwargida ce. Ita ce asusun da ake taɓawa idan kuɗin makaranta ya taso ko yaro ya kwanta ciwo. Idan aka yanka ta, a lokacin Kirsimeti, ko biki, ko godiyar kaka, hankalin kowa yana kan nama. Fata kuwa sai a yar da ita a bayan ɗaki, ko a ba mai saye a duk yadda ya taya. Amma fatar nan haja ce da ake nema har ƙasashen waje, kuma a hannunmu darajarta take tabbata ko ta lalace.

Ina fatar take zuwa?

Kano ta daɗe da sana'ar fata. Majema suna jima da bagaruwa, dukawa suna ɗinka takalma da jakunkuna da matasai, kuma kasuwar Ƙofar Wambai ta yi suna wajen wannan ciniki. Tun zamanin ayari ake kai fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta hamada zuwa Arewacin Afirka. Daga can take shiga Turai, shi ya sa Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai kayan suka koma bin hanyar Legas.

Daga baya aka keɓe unguwannin masana'antu. Bompai ce ta fari, tun zamanin Turawa. Sharaɗa da Challawa suka biyo baya bayan samun 'yancin kai. Daga 1986, lokacin da aka fara shirin tsuke bakin aljihu na SAP, masaƙu da wasu masana'antu da yawa sun yi ta rufewa saboda tsadar kayan aiki, da rashin wutar lantarki, da shigowar kaya masu araha daga waje. Mutane da dama sun rasa aiki, har da 'ya'yan ƙauyukanmu. Duk da haka aikin jima bai mutu ba. Kamfanonin jima suna gyara fatun awaki da tumaki da sinadarai, su aika da mafi yawansu ƙasashe irin su Italiya da Sifen.

Kafin fata ta kai can, tana bin hannaye da yawa. Mai gida ko mahauci ya sayar wa ƙaramin mai tarawa a kasuwar ƙauye. Shi kuma ya kai wa babban dila a manyan kasuwanni irin su Wudil da Ɗambatta, ko a cikin birni. Dila ya tara da yawa, ya kai kamfani. A can ake baje kowace fata a duba ta, a ba ta daraja: ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ko a ƙi ta sam. Dila ya san za a ƙi wasu, saboda haka yakan rage farashi tun daga ƙasa. Ke nan asarar tana komawa kan mai akuya.

Abubuwan da ke ɓata fata

Wasu tun dabbar tana da rai ne:
- Kaska, ƙazuwa da ƙuraje suna barin tabo da ƙananan huji.
- Ƙaya, waya mai ƙaya da duka suna karce fata.
- Lalas a haƙarƙari ko a gadon baya yana ƙona wuri mafi tsada. Idan dole ne a yi shaida, a yi ta a kunne ko a ƙasan ƙafa.

Wasu kuma bayan yanka ne:
- Wuƙa mai tsini tana huda fata ko ta yi mata zane daga ciki.
- Jini da kitse da aka bari suna jawo ruɓa. A zafi irin namu fata takan fara lalacewa cikin 'yan sa'o'i. Idan gashi ya fara zuba da an ja shi, ta riga ta taɓu.
- Shanya a ƙasa cikin rana tsaka. Waje ya bushe ƙamas, ciki yana ruɓewa. Ba a gane wannan sai an jiƙa ta a kamfani, ta yi ta yagewa.

Yadda za a kiyaye ta

1. A rataye dabbar a feɗe ta tun jikinta da ɗumi. Bayan an tsaga da wuƙa, a yi amfani da dunƙulallen hannu wajen raba fata da nama.
2. A wanke jini da ruwa mai tsabta, a kankare ragowar nama da kitse a hankali.
3. A bar ta ta huce ta tsane a inuwa na ɗan lokaci.
4. A shimfiɗa ta gashi a ƙasa, a barbaɗa gishiri a duk cikinta har bakin-baki. Gishirin ya kai kamar kashi 1 cikin 3 na nauyin fatar, ko fiye. Kada a sake amfani da gishirin da ya sha jini.
5. Idan babu gishiri, a ɗaure ta a jikin itatuwa da igiya, a shanya a inuwa inda iska ke ratsawa. Kada a ja ta fiye da kima.
6. A ajiye a kan katako, nesa da ruwan sama, karnuka da ɓeraye.

Sayarwa tare

Mai fata guda ɗaya ba shi da bakin ciniki. Amma a makon Kirsimeti ikilisiya ɗaya takan yanka dabbobi da yawa, ga kuma saniyar watanda da ake haɗa kuɗi a saya. Zumuntar mata ko ta matasa za ta iya sayen buhun gishiri guda, ta zaɓi mutum biyu da suka iya fiɗa, ta tara fatun wuri ɗaya. A rubuta sunan mai kowace fata a littafi. A tambayi farashi wurin dila biyu ko uku kafin a sallama, domin kasuwar fata tana hawa da sauka, kuma takan faɗi a lokacin Babbar Sallah da fatu suke yawa. A yi magana a kan la'ada tun kafin ciniki. Idan akuyar ta uwargida ce, kuɗin fatar ma nata ne.

Yawancin mahauta da dillalan fata maƙwabtanmu ne Musulmi, kuma sun gaji sana'ar. Mu nemi shawararsu, mu gayyaci Sarkin Fawa ya nuna wa matasanmu fiɗa. Kada mu ɓoye fatar da ta fara ruɓa a tsakiyar masu kyau. Ranar da dila ya gano, sunan ƙauyen duka ne ya ɓaci, domin ciniki a kasuwar ƙauye amana ce ke riƙe da shi. Masu son koyon jima da ɗinkin fata sosai za su iya neman bayani a cibiyar NILEST da ke Samaru, Zariya.

Gargaɗi a kan lafiya

Kada a feɗe dabbar da ta faɗi ta mutu ba a san dalili ba, musamman idan jini yana fita ta hanci ko ta dubura. A kira malamin dabbobi. Cutar antaraks tana kama mutum ta hanyar fata da nama, kuma an tabbatar da ɓullarta a Jihar Neja a 2023. Haka nan, fatar da aka sa wa sinadarin jima ba abinci ba ce. A sayi ganda wurin wanda aka sani kawai.

Dattin ruwan masana'antun Sharaɗa da Challawa yana gangarawa zuwa kogin Challawa, na Bompai kuma zuwa rafin Getsi da Jakara. 'Yan'uwa da ke zaune kusa da waɗannan magudanai su guji sha, ko shayar da dabbobi, ko ban ruwan lambu da ruwan da ya sauya launi ko yake wari. Su haɗa kai da mai unguwa su kai kuka ga hukumar kula da muhalli.

Don tattaunawa a ƙungiya

Ku karanta Karin Magana 27:23-27, da Yahaya 6:12-13, da Ayyukan Manzanni 9:43.
- Me ya sa Yesu ya sa aka tattara ragowar abinci bayan kowa ya ƙoshi? Wane abu muke zubarwa da zai iya taimakon wani gida?
- A Yafa, Bitrus ya sauka gidan Saminu majemi, mai sana'ar da mutane da yawa suke ƙyama saboda wari. Akwai sana'ar da muke rainawa a ƙauyenmu?
- Dabbobi nawa aka yanka a ikilisiyarmu a Kirsimetin da ya wuce? Ina fatunsu suka tafi, kuma nawa aka samu?
- Wa zai riƙe littafi, wa zai sayo gishiri, kafin yanka na gaba?