Daren Da Talbijin Ɗin Baba Ya Yi Shiru

A daren Lahadi, 11 ga Fabrairun 2024, ana dab da fara wasan ƙarshe na cin kofin Afirka tsakanin Nijeriya da Kwaddibuwa, mahaifina ya bugo mini waya daga Gwarzo. Ya ce, "Kai, an yanke mana tashoshi, ga maƙwabta sun cika zaure."

Na daɗe da bai wa banki umarnin ya riƙa biyan kuɗin tashoshin gidanmu daga asusuna duk wata. Wannan karon albashi ya makara, ranar biya ta zo asusu ba komai, ni kuwa ban ko duba saƙon da aka turo ba.

Ƙanena da ke Kabo ne ya fitar da ni kunya. Ya garzaya wurin mai POS da lambar katin dikodar, ya biya, aka bar na'urar a kunne. Hoto bai dawo ba sai bayan hutun rabin lokaci. Baba bai ga ƙwallon da Troost-Ekong ya ci ba, sai biyun da aka zura mana.

Mai karatu, banki ba ya biya sai da kuɗi a ƙasa, kuma bai san nauyin mutum a idon maƙwabtansa ba. Yanzu na mayar da ranar biyan bayan shigar albashi, kuma kowane wata nakan kira Baba in ji ko akwati na magana. Ashe kiran ma ya fi bukata. Allah Ya ba mu ikon kyautata wa iyaye.