Yadda kwamfuta ke gano hanya mafi araha tsakanin gari da gari

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tasha yana shawarar motar da zai hau, ya san tambayar nan: in bi kai tsaye ne, ko in yi yanke? Tsofaffin direbobi da 'yan kamasho suna da amsar a ka, domin sun daɗe a kan hanya. To amma idan garuruwan sun kai dubu, hanyoyin da suka haɗa su kuma sun kai dubu goma, ƙwaƙwalwar ɗan Adam sai ta gaza. A nan ne ake komawa ga abin da masana ke kira algoridim, wato jerin matakan lissafi da ake bi ɗaya bayan ɗaya har a kai ga amsa. Kalmar ma ta samo asali ne daga sunan Muhammad bin Musa Al-Khawarizmi, masanin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9.

Dabarar da ta fi shahara a wannan fage ta wani ɗan ƙasar Holan ce, Edsger Dijkstra. A 1956, yana zaune a wani gidan shan gahawa a Amstadam, ya tsara ta cikin kimanin minti 20, babu biro babu takarda. Tambayar da ya sa a gaba ita ce hanya mafi gajarta daga Rotterdam zuwa Groningen. An gwada ta a kwamfutar ARMAC da taswirar garuruwa 64, sannan aka wallafa ta a 1959.

Bari mu gwada ta da hanyoyinmu. A ce kana Kano za ka Jos, kuma mu ƙaddara kuɗin mota kamar haka, don misali kawai: kai tsaye naira 12,000, Kano zuwa Zariya 4,000, Zariya zuwa Jos 6,000, Kano zuwa Bauchi 6,000, Bauchi zuwa Jos 3,000.

Da farko sai ka rubuta sifili a gaban Kano, ka rubuta kuɗin kowane gari da mota ke kaiwa daga nan: Zariya 4,000, Bauchi 6,000, Jos 12,000. Sai ka ɗauki mafi araha, wato Zariya, ka rufe lissafinta. Daga nan ka duba: in an bi ta Zariya, Jos ta koma 10,000, don haka ka soke 12,000. Cikin garuruwan da suka rage, Bauchi ce mafi araha, sai ita ma ka rufe ta. Ta Bauchi kuwa, Jos ta sauko 9,000. Yanzu babu sauran inda za a rage, amsa ta fito.

Ka lura da abu guda. Motar Zariya ce ta fi araha a tashin farko, amma ba ta nan hanya mafi araha ta bi ba. Wanda ya ruɗu da arahar zangon farko ya yi asarar naira dubu. Kuma dalilin da ya sa ake rufe lissafin gari babu fargaba shi ne, babu motar da za ta ɗauke ka ta ƙara maka kuɗi a aljihu. Duk zangon da aka ƙara, kuɗi ƙaruwa yake yi. Inda ake samun ragi maimakon ƙari, akwai wata dabarar daban mai suna Bellman-Ford.

A 1968 wasu masana uku a Amurka, Hart da Nilsson da Raphael, suka fito da A*, wadda ke fifita hanyoyin da suka dosa inda aka nufa, don kada a ɓata lokaci ana lalube ta ko'ina. Irin waɗannan dabaru ne tushen taswirar da ke cikin wayarka, da shafukan neman tikitin jirgi. Hatta saƙonnin intanet, da lissafin Dijkstra na'urori da yawa ke zaɓa musu hanya.

Sai dai kwamfuta ba ta san araha ba sai abin da aka ce mata araha. In kilomita aka ba ta, kilomita za ta rage. In mintoci ne, mintoci. Yanken da ya rage maka naira dubu yana iya zaunar da kai awa uku a tasha kana jiran mota ta cika, ga kuɗin dako, ga na abinci. Gadar da ruwa ya cinye da damina, ko dajin da ba a ratsawa bayan la'asar, in ba a shigar mata da labarinsu ba, kai tsaye za ta nuna maka can.

Saboda haka, mai karatu, ka duba wayarka kafin ka tashi, domin lissafinta ya fi naka sauri. Amma in ka isa tasha, ka tambayi direban da ya biyo hanyar jiya. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara.