Kiwon Tsutsar Dankali a Cikin Gida

Duk wanda ya saba shiga gonar dankalin Hausa da damina ya san wata ƙatuwar tsutsa, koriya ko mai ruwan ƙasa, da ɗan ƙaho a ƙarshen jikinta. In ta ƙoshi takan fi yatsan babban mutum tsawo. Yara gudunta suke yi, manya kuma su take ta, alhali ƙahon nan ba ya harbi, ba shi da dafi. Ita ce ke rikiɗa ta zama babban malam-buɗe-littafin dare mai launin toka, wanda ke shawagi a bakin fure da magariba yana zuƙar zaƙi da wani dogon baki da ya fi jikinsa tsawo.

Ana iya ganin wannan rikiɗa a gida ba tare da an kashe ko sisi ba. A samu tsohon bokitin fenti a wanke shi tas, a rufe bakinsa da yankin gidan sauro, a ajiye a inuwa inda tururuwa da kaji ba sa kaiwa. Aikin duka a ganye yake. Tsutsa ba ta cin kowane ganye: wadda aka ɗauko a kan dankali, ganyen dankali za a ba ta, sabo kullum, in ba haka ba ta gwammace yunwa ta kashe ta. A riƙa zubar da kashinta kowace safiya, domin danshi da ƙazanta sun fi komai kashe su. Wani lokaci za ta daina ci, ta yi shiru kwana guda kamar ba ta da lafiya. Saɓa za ta yi, a ƙyale ta.

Ranar da ta bar ganye ta shiga zagaye bokiti ba hutawa, ƙasa take nema. A zuba mata ƙasa mai laushi, zurfin tafin hannu. Za ta nutse ciki ta zama wani dunƙule ruwan goro, mai ɗan lanƙwasa a gaba kamar mariƙin buta. A nan ne dogon bakin yake naɗe. Yawancin masu kiwo a nan suke ɓata aikinsu, don zumuɗi yana sa su tono ƙasar kullum. Da zafi, mako biyu zuwa uku ya isa. A kafa ɗan kara a ciki, saboda in malam-buɗe-littafin ya fito fukafukansa a cukurkuɗe suke, sai ya hau abu ya rataya kafin su miƙe su bushe. A sake shi da magariba.

Wani sa'in kuma ƙudaje ne ko ƙananan zanzaro za su fito a madadinsa, don tun a gona uwarsu ta yi ƙwai a jikin tsutsar. Abin takaici ne ga yaro, amma ga manomi albishir ne, sai dai feshin magani barkatai yana hallaka su tare da tsutsar. Tsutsotsi masu gashi-gashi kuwa kada a taɓa su da hannu, wasunsu na sa ƙaiƙayi.

Da irin wannan kiwo Maria Sibylla Merian, 'yar birnin Frankfurt ta Jamus, ta yi suna. Ta tafi Suriname a 1699, ta fitar da littafin zanenta a 1705, tana haɗa kowace tsutsa da ganyen da take ci da abin da ta zama.

Mai son kallon malam-buɗe-littafin dare sai ya rataya farin zane a tsakar gida, ya haska shi da fitila bayan an ɗauke ruwa. Cikin masu sauka akwai wani ƙarami mai ruwan toka, uwar tsutsar masara da ta ɓulla a Najeriya a 2016 daga nahiyar Amurka. Wanda ya yi kiwon tsutsar masara zai gane shi, ya fara duba ƙwansa a ganyen masara tun kafin ɓarna ta bayyana. Shi kam, in ya ƙyanƙyashe a bokiti, ba a sakin sa.